Ina zan kai 'yan aji biyu ziyarar kimiyya alhali kuɗinmu kaɗan ne?

Wata malamar kimiyya da ke koyarwa a ƙaramar sakandare a birnin Kano ta aiko da tambaya. Ta ce shugaban makarantarsu ya yarda ta fita da 'yan aji biyu, yara 45 maza da mata, ziyarar ƙaro ilimi a kan kimiyya da aikin injiniya. Kuɗin da ke hannu bai wuce na hayar mota na yini guda ba. Cikin abokan aikinta wasu sun ce a je gidan zu, wasu sun ce filin jirgi. Ina ya fi dacewa, kuma yaya za ta yi yaran su dawo da wani abu a kai, ba hotuna kaɗai ba?

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri da kika damu da abin da yaran za su dawo da shi, domin yawanci inda ake tuntuɓe ke nan. Na daɗe ina koyar da yara masu shekara 12 zuwa 14, na fita da su sau da dama, kuma abin da zan fara gaya miki shi ne ki ajiye maganar "ina za mu je" tukuna. Ki fara samo tambaya guda ɗaya wadda yaran za su tafi da ita a baki, wadda ba za su iya amsa ta a cikin aji ba. Tambayar ce za ta zaɓa miki wurin.

Fitata ta farko ta koya mini wannan. Na kai yara wata masana'anta, wani jami'i mai kirki ya tsayar da su a rana fiye da awa guda yana yi musu bayani da Turancin injiniyoyi, injuna na ruri ba mai jin kowa. Da muka dawo na tambaye su abin da suka gani, sai suka ce wurin babba ne kuma an ba su lemo. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don iyayensu sun matse sun biya kuɗin mota. Jami'in bai yi laifi ba, yaran ne suka shiga ba su da abin da suke nema, don haka ba su sami komai ba.

Tunda a Kano kike, ga tambayar da nake ganin ta fi kowacce armashi: ruwan da muke sha da wanda ake noman rani da shi, daga ina yake zuwa, alhali daga Nuwamba zuwa Maris kusan ko ɗigo ba ya sauka daga sama? Kowane yaro a ajinki ya san mai garuwa, ya san jarka, ya san ranar da famfo ya ɗauke. Tambaya ce da ta shafi gidansu. Kuma amsarta tana kudu da birni, tafiyar da mota ɗaya za ta je ta dawo kafin la'asar.

Ki fara da dam ɗin Tiga, kusan kilomita 70 daga birni. An gina shi tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, a kan Kogin Kano. Bangonsa ya kai kusan kilomita 6 a tsawo, kuma an tsara shi ne ya tare ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Wannan adadi ba ya nufin komai a kunnen ɗan shekara 13, sai kin karya masa shi. Kubik mita ɗaya lita 1,000 ce, wato jarka 40 ta mai garuwa mai cin lita 25. Ki bar su su yi ninkin da kansu a gefen littafi, ki ga yadda fuskokinsu za su canza idan sifilai suka ƙi ƙarewa.

Abin da ya fi ba yara mamaki a Tiga shi ne bangon ba na kankare ba ne, na ƙasa ne. Suna zuwa da tunanin cewa duk babban aikin injiniya siminti ne da rodi, sai su tarar da tudun ƙasa ne ya riƙe wannan ruwa mai kama da teku fiye da shekara 50. A nan ne za ki ja su da tambayoyi. Me ya sa gindin bangon ya fi samansa faɗi nesa ba kusa ba? Saboda ƙarfin turin ruwa yana ƙaruwa ne da zurfi, na ƙasa ya fi na sama matsa wa bango. Me ya hana ruwan ratsa ƙasar ya ɓulla ta baya? Saboda a dam irin wannan ana saka yumɓu a tsakiya a danne shi sosai, yumɓu kuwa ba ya barin ruwa ya wuce kamar yadda yashi ke yi. Duwatsun da aka jera a fuskar da ke kallon ruwa fa? Don kada igiyar ruwa ta riƙa cin bangon. Sannan ki sa a nuna musu mafitar da aka tanada don rarar ruwa ta bi idan dam ya cika. Ki gaya musu gaskiya cewa dam na ƙasa ba abin da yake tsoro kamar ruwa ya haura ta samansa, domin da ya haura sai ya fara zaizaye shi. Dam ɗin Bagauda da ke kusa da nan ya ɓalle a watan Agustan 1988 bayan ruwan sama mai yawa, na Alau kuma ya jawo ambaliyar Maiduguri a Satumbar 2024, wadda yaranki sun isa su tuna. Yaro ya kamata ya ji tun yanzu cewa lissafin injiniya rayukan mutane ne a cikinsa.

Tiga tana ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, don haka takardar neman izini can za ta je, da sa hannun shugaban makaranta, aƙalla mako uku kafin ranar. A cikin takardar ki rubuta shekarun yaran, ki roƙi a haɗa ku da ma'aikacin da zai yi bayani da Hausa. Kada ki ji kunyar wannan roƙon. Sunayen Turanci na littafi ke za ki ɗora musu daga baya a aji, a kan abin da suka riga suka fahimta.

Daga Tiga ku bi ruwan. Babban kanal yana ɗauke da shi zuwa filayen noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, kuma gangara ce kawai ke tafiyar da shi, ba inji ba. Wannan kaɗai darasi ne: waɗanda suka zana hanyar kanal ɗin sun auna tudu da kwarin ƙasar dalla-dalla, yadda ruwa zai yi tafiyar kilomitoci yana sauka a hankali, ba ya tsayawa kuma ba ya gudun da zai cinye gefen hanyarsa. A hunturu za ku tarar da alkama da tumatir da albasa kore shar, gefe guda kuma inda ruwan bai kai ba ƙasa ta bushe ƙamas. Ba sai kin yi dogon bayani ba, idonsu zai gaya musu.

A Kadawa ne nake so ki kashe mafi yawan lokacinki, domin a nan ne yaran za su daina kallo su fara awo. Ki nemi ƙaramar magudanar da ke shiga gonaki, ba babban kanal ba. Kayan aikin ba su da tsada: tef na awo, igiya, dogon gora mai alamar santimita, agogon waya, da totuwar masara guda biyar ko shida. A auna mita 10 a gefen magudanar a kafa alama a farko da ƙarshe. Babba ɗaya ya auna faɗi da zurfi da gora. A jefa totuwa a ruwa, yaro ɗaya ya ce "ta shiga", wani ya ce "ta fita", mai agogo ya faɗi daƙiƙu. A maimaita sau biyar, domin ba za a sami amsa iri ɗaya ba, kuma rashin daidaiton shi ne zai sa su gane dalilin da ya sa ake ɗaukar matsakaici. A ce faɗin mita 1 ne, zurfin rabin mita, totuwa ta ci mita 10 a daƙiƙa 20. Ruwan na tafiyar rabin mita ke nan a kowace daƙiƙa, abin da ke wucewa kuwa rubu'in kubik mita ne, lita 250, jarka 10 duk ƙiftawar ido. Sai ki tambaye su ko ruwan da ke gogar ƙasan magudanar yana gudu daidai da na sama. Wani zai ce a'a, ƙasa da ciyawa na riƙe shi. Daidai ne, shi ya sa masu wannan aiki ke rage kusan kashi ɗaya cikin biyar, jarka 10 ta koma 8. Yaron da ya yi wannan da hannunsa ya taɓa aikin injiniyan ruwa na gaske, kuma lissafin faɗi sau zurfi sau gudu ba zai sake zame masa baƙo ba.

Idan kun dace da manomi yana ba gonarsa ruwa da lanƙwasasshen bututu, wanda ke ɗauke ruwa ya haura kan gaɓar magudana ya zuba a gona ba tare da inji ba, ki tsaya a nan ko da zai ci miki rabin awa. Ki gaishe shi, ki roƙe shi ya nuna wa yaran yadda yake cika bututun ya toshe baki da tafin hannu kafin ya sake. Ya kuma ɗaga musu bakin fitar sama da matakin ruwan su ga ya tsaya cak. Ina son wannan ɓangaren ne saboda wani dalili da ya wuce kimiyyar: yaran birni suna ganin mutum da laka a ƙafa yana koya musu abin da littafinsu ya kasa fahimtar da su. Ki bar su su tambaye shi matsalolinsa ma. Mai yiwuwa ya ambaci ciyawar kacala da ke toshe hanyoyin ruwa. Daga nan sai ki faɗa musu cewa dam ɗin da ya raya Kadawa ya rage ambaliyar shekara-shekara da fadamun Haɗeja da Nguru suka dogara da ita, masunta da makiyaya da manoman can suka ji a jikinsu. Ba na son a koya wa yaro cewa babban aiki alheri ne zalla. Ya san akwai wanda ya samu, akwai wanda ya rasa, kuma injiniyan kirki yana lissafa duka biyun.

Gargaɗi ɗaya ba na sassauci a kansa: ko yaro ɗaya kada ya sa ƙafa ko hannu a ruwan kanal. Babban kanal yana da santsi da ƙarfin ja, wanda ya faɗa da wuya ya fito da kansa. Ƙananan magudanun kuma mazaunin ƙananan dodon koɗi ne masu ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya, wadda ke huda fata ta shiga jiki ko mutum bai sha ruwan ba. Ku tafi da ruwan shanku da na alwala a jarkoki. Ɗibar samfurin ruwa a kwalba kuwa babba ne zai yi, da safar hannu ko da guga mai igiya.

Matatar ruwa ta Tamburawa, da ke kan hanyar Zariya, ita ce cikon labarin, amma ba na ba ki shawarar cusa ta a rana ɗaya da waɗancan biyun. Bayan azahar yara sun gaji, kunne ya toshe. Tunda tana kusa da gari, ki ware mata wata safiyar idan hali ya yi. Can za su ga ruwan kogi ja-ja-wur yana shiga, a zuba masa alif ƙurar da ke yawo a ciki ta dunƙule ta kwanta, a tace shi ta cikin yashi, a sa masa kulorin ya kashe ƙwayoyin cuta, sannan manyan injuna su tura shi gari. Idan ba a sami zuwa ba, kwalaben da kuka ɗebo a Kadawa za su yi rabin aikin, zan dawo kan wannan.

To, idan ma kuɗin motar ya gagara fa? Kada ki fasa. Marinar Ƙofar Mata tana cikin gari, shekarar da aka rubuta a ƙofarta 1498 ce, kuma ɗakin gwaje-gwaje ne sukutum wanda ya girmi duk wata makarantar boko a ƙasar nan. Marina suna haɗa baba da toka da ruwa a rami su bar shi kwanaki ya ruɓa. Shuɗin baba ba ya narkewa a ruwa haka nan. Ƙwayoyin halitta da ke aiki a cikin ramin, tare da kaifin ruwan toka, su ne ke juya shi ya narke ya iya shiga zare. Shi ya sa idan aka ciro ƙyalle daga rami sai a gan shi da ɗan kore-kore, yana shan iska yana rikiɗa shuɗi a gaban idonka, launin ya koma yadda ba zai narke ba ya maƙale a cikin zaren. Ki sa yaran su riƙe agogo su ga daƙiƙa nawa rikiɗar ke ɗauka, su tambayi marini dalilin da ya sa yake tsomawa yana cirowa sau da yawa maimakon ya bar ƙyallen a ciki kawai. Ki tafi da jiƙaƙƙen zoɓo a gora. A ɗiga masa lemon tsami ya ƙara ja, a ɗiga masa ruwan toka ko na kanwa ya juye ya yi duhu-duhu mai ɗaukar kore. Darasin da ake wahalar koyarwa a allo ya zauna ke nan da kayan naira kaɗan. Ramukan suna da zurfi kuma bakinsu daidai yake da ƙasa, don haka a shiga rukuni-rukuni, ba gudu ba turereniya.

Maƙera ma haka. Me ya sa wuta ke ƙara fari idan aka zuga zuga-zugi? Me ya sa maƙeri ya fi son gawayin ƙirya? Me yake gani a launin ƙarfe da ke gaya masa lokacin ɗora shi kan uwar maƙera ya yi, kuma me ya sa yake tsoma bakin gatari a ruwa bayan ya gama? Maƙerin ya san amsoshin da hannunsa da idonsa, ke kuma kin san sunayensu na littafi. Ki ba shi girmansa, ki kai masa abin goro, ki gabatar da shi ga yaran a matsayin malaminsu na wannan rana.

Gidan zu da filin jirgi da abokan aikinki suka ambata ba laifi ba ne, sai dai gidan zu ya fi dacewa da darasin halittu, kuma a filin jirgi ƙa'idojin tsaro ba sa barin yara su matsa kusa da komai. Idan wata shekara kuɗi ya samu, Zariya tana da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa a 1964, da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru. Kainji da Shiroro, inda ruwa ke juya injunan lantarki, sun yi wa 'yan aji biyu nisa daga Kano.

Sauran shirin ba shi da wuyar fahimta, sai dai yana son a tsaya masa. Ki je wurin da ƙafarki kafin ranar, ki ga inda mota za ta tsaya, inda inuwa take, inda za a yi sallah, da inda yara mata za su kewaya cikin sutura, domin rashin wannan na ƙarshen kaɗai yana sa wasu iyayen hana 'ya'yansu. Ki tambayi mutanen wurin halin da hanya take ciki a wannan makon. Lokacin da ya fi shi ne tsakanin Nuwamba da Fabrairu: noman rani ya kankama, zafin bazara bai sauko ba, gaɓar ruwa ba ta da santsin damina. A ra'ayina kowane yara 10 su sami babba ɗaya, kuma cikin manyan a sami mata. Takardar amincewar iyaye a rubuce, da Hausa, da lokacin tashi da na dawowa, da gurbin da uba ko uwa za su rubuta idan yaro na da sikila ko asma. Direba ki gan shi ido da ido, ki duba tayoyin motarsa, kuma yaro ɗaya kujera ɗaya. A ƙirga su duk lokacin shiga mota da fita.

Abu biyu nake roƙonki da su musamman. Na farko, kada a bar yaro a baya don gidansu ba su iya biya ba. Ki kai maganar gaban ƙungiyar iyaye da malamai a rufa wa irin waɗannan asiri ba tare da ajin ya sani ba. Sau da yawa yaron da ba shi da kuɗin motar shi ne wanda bai taɓa fita daga unguwarsu ba. Na biyu, ki raba aiki da suna tun daga makaranta: wance ce mai tef, wane ne mai agogo, wance mai rubutu, wane mai zane. Idan kika bar abin a sake, maza uku ko huɗu masu baki za su kwashe kayan awon, 'yan mata su koma riƙe jakunkuna. Na sha ganin yarinyar da ba ta ɗaga hannu a aji ta zama ita ce mai gyara wa rukuninta lissafi da zarar tef ya shiga hannunta.

Kada ki cika su da takardar tambayoyi 30, za su yini kai a sunkuye suna kwafar amsa daga juna. Mako guda kafin tafiya kowane rukuni ya rubuta hasashensa: jarka nawa suke zaton ƙaramar magudana ke wucewa da ita a daƙiƙa, da me suke zaton aka gina dam. Ki karɓa ki ajiye. Kowane yaro kuma ya tafi da tambaya ɗaya tasa ta kansa wadda zai yi wa ma'aikaci ko manomi.

Washegarin dawowa ki fito da hasashen nan a gwada da abin da aka auna. Sannan kwalaben ruwan Kadawa: ki raba ruwan gida uku a kwalabe masu haske, ɗaya a bar shi haka, ɗaya a sa masa ɗan alif, ɗaya a sa masa dakakken ƙwayar zogale, a girgiza a jera su a taga, a riƙa dubawa duk rabin awa ana rubutawa. Ki ja musu kunne cewa ruwa ya yi garau ba ya nufin ya tsarkaka daga cuta, ba mai ɗanɗanawa. A mako na biyu ki kawo manyan robobin wanki, rukuni ɗaya ya gina dam da yashi zalla, ɗaya da yumɓu zalla, ɗaya da yashi mai yumɓu a tsakiya, ɗaya kuma ya yi nasa da mafitar rarar ruwa a gefe. A riƙa zuba ruwa kofi-kofi a bayan kowanne ana ƙirgawa da ƙarfi, mai agogo na riƙe da agogonsa, har a ga wanda zai fara yoyo da wanda ruwa zai haura ya ɓalle. Ki ajiye littafin da suka rubuta sakamakon, 'yan aji biyun baɗi su gwada nasu da shi.